Simintin Abuja da Ba Ya Jin Ruwa

Abubuwa da yawa sun same ni a gidan aure waɗanda yanzu ko an tuna mini sai na yi dogon tunani kafin in gano su. Amma maganar simintin da aka ɗaura wa 'yata a hannu, wannan kam ko na tsufa har ba sauran haƙori a bakina ba zan manta da ita ba. Har yau in na ji mutum ya buɗe baki ya ce "ai mu a Abuja," sai in ji tsaki ya taso mini tun daga ciki.

A lokacin muna zaune a unguwar Tudun Ƙofa cikin garin Keffi, a gidan gadon su maigidana. Shi malamin firamare ne, an tura shi Panda, sai ƙarshen mako yake leƙo mu. Saboda haka gidan daga ni sai surukata, wadda muke kira Inna, sai 'yata da ƙaninta na goye. Yarinyar ita ce ta fari, kuma sunan Inna aka sa mata. Wanda ya san irin gidajenmu ya san abin da wannan yake nufi. 'Yar fari ba taki ba ce a gaban mutane. Ba na kiran sunanta, ba na ɗora ta a cinya in akwai ido, in ta faɗi ta fasa baki ba ni zan fara tashi ba. Tun da aka yaye ta ta koma ɗakin Inna, can take kwana, can take ci. Inna tana ce mata takwara, yarinyar kuma Anti take ce mini, kamar wata baƙuwar da ta zo hutu. Ban taɓa ganin aibun abin ba, haka na tashi na ga ana yi, kuma Inna tana son yarinyar nan kamar ta haɗiye ta.

Sai kuma yayan maigidana. Allah ya sani ba na son cin naman suruki, amma wannan bawan Allah dole a faɗe shi. 'Yan unguwa suna ce masa Alhajin Abuja, alhali a lokacin ko ƙofar filin jirgi bai taɓa takawa ba, ɗakin da yake haya kuma a Mararaba yake, wato dai jiharmu ce ta Nasarawa, ko iyaka bai tsallaka ba. Aikinsa kuwa har yau ban san shi ba. In aka tambaye shi sai ya gyara wuyan riga ya ce, "Harkokin ma'aikatu." Yana da wata tsohuwar mota da ba ta tashi sai an tura, da wayoyi biyu da yake jerawa a gabansa duk inda ya zauna. Shekarun nan ne Abuja ta cika ta tumbatsa ta fara zubowa wajenmu, ana ta yanka gonaki ana sayar da filaye, mutane in suka ga lambar motar Abuja sai jiki ya kama rawa. Shi kuma ya samu abin yi. Komai na Keffi ƙauyanci ne a wurinsa. Ruwanmu bai yi ba, burodinmu bai yi ba, har gaisuwarmu wai ta cika tsawo.

Wani ma'aikaci ya sayi filin da ke bayan gidanmu, aka zo aka jibge masa bulo da yashi, yaran unguwa suka mai da wurin filin wasa. Wata rana bayan an taso daga makaranta, ina madafa ina tuƙa tuwo, sai na ji ihu. 'Yata ce, a lokacin ba ta wuce shekara bakwai ba, ta hau kan bulon nan ta zame ta faɗo a kan hannunta na dama. Da aka shigo da ita, hannun ya lanƙwashe daga saman wuyan hannu, ko makaho ya shafa ya san karaya ce. Amma ni a bakin madafa na tsaya da muciya a hannu, domin Inna ta riga ta rungume ta.

Inna ta ce a kira mata tsohon nan mai ɗori na bayan kasuwa. Ni kuma na yi ƙasa da murya na ce, "Inna, ko dai asibitin nan na gari?"

Ashe Yaya yana zaure, ya zo nuna wa wani fili. Sai ga shi ya faɗo tsakar gida. Da yake ba ya yi mini magana kai tsaye, saboda ni matar ƙaninsa ce, sai ya dubi Inna ya ce, "Wane mai ɗori? Wane asibitin gari? So kuke a lalata hannun yarinya? Ku tashi, Abuja za mu."

Zan faɗi gaskiya ko da a kan wanda nake jin haushi ne: kai ta asibiti da ya yi, daidai ya yi. Da a nan ya tsaya, da har gobe ina sa masa albarka. Aka tura mota ta tashi, Inna ta shiga baya da takwararta, ni kuma aka bar ni a gida, don wace uwa ce za ta bi 'yar fari asibiti ga kakarta zaune?

Sai washegari suka dawo. Inna ta sauko tana dafe da baya tana cewa ita dai ba ta ga Abujar da ake faɗa ba, cunkoso ta gani da kwata, kuma ɗakin ɗan nata ko kajinta ba za ta zuba a ciki ba. Amma hannun yarinya, wannan kam abin kallo ne. Mu simintin ɗori da muka sani shi ne farin nan mai nauyi, wanda in za a yi wa yaro wanka sai an naɗe shi da leda an ɗaure da tsumma, in ruwa ya taɓa shi ya yi laushi ya fara marmashewa. Wannan kuwa ruwan hoda ne, ba nauyi, kamar raga ce aka naɗa ta daskare, daga ƙasan gwiwar hannu har tafi, yatsu a waje. Yarinya sai murmushi take tana ɗaga shi.

Yaya ya tsaya a tsakiyar gida, ya jira maƙwabta suka gama shigowa jaje, sannan ya yi gyaran murya. "Wannan da kuke gani ba ya jin ruwa. Ta yi wanka da shi, ta yi alwala, ta faɗa rafi in ta ga dama. 'Ya'yan ministoci ake sa wa irinsa."

Na matsa kusa da Inna na raɗa mata ta tambaye shi abin da likita ya ce a kiyaye, da kuma ranar da za a koma. Ta tambaya. Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya ce, "Inna, gaya wa matar Malam wannan ba irin na Keffi ba ne da ake lallaɓawa. Babu abin kiyayewa. In lokacin cirewa ya yi ni zan faɗa."

To, daga ranar 'yata ta zama majigi. Mutumin da a da sai ya yi wata ba mu ga ƙeyarsa ba, yanzu kusan kullum motarsa tana ƙofar gida. Da ya ga majalisa ta cika bayan la'asar sai ya aiko a kira masa yarinyar. Ya sa ta miƙa hannu, ya ɗauki buta ya tuttula ruwa a kai, ya ƙwanƙwasa simintin da makullin mota, ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya. Su kuma gemai-gemai da su sai su kama baki suna "Ikon Allah! Kai, Bature!" Wani ya miƙa wa yarinya alewa, wani ya ce a sake zubawa bai gani da kyau ba. Ina leƙe ta kafar ƙyaure ina cizon leɓe. Wai a ce manyan mutane ba su da aikin yi sai kallon ruwa yana bin roba!

Ranar da aka yi suna a maƙwabta abin ya wuce wuri. Wani mai neman magana ya ce, "Alhaji, ruwa dai mun gani. Zoɓo fa?" Wallahi mutumin nan bai yi wata-wata ba ya karɓi kofin zoɓo, mai sukari har yana danƙo, ya karkata hannun yarinya ya ɗura shi ta bakin simintin, ya fito ta wajen yatsu ja wur. Aka yi ta tafi. Ko ɗauraye mata bai sa an yi ba, ya sallame ta ta koma wasa a yashi.

Duk wannan ma mai sauƙi ne a kan abin da ya biyo baya. Ita Inna, a saninta, ƙashi ba ya haɗuwa in ba gashi. Haka ta ga an yi wa iyayenta, haka ta yi wa 'ya'yanta: ko targaɗe ne sai an dafa ganye an gasa wurin da ruwan ɗumi, a shafe da man kaɗanya, a barbaɗa garin magani. Da farin simintin nan ne, da dole ta haƙura, don kowa ya san ba ya shiri da ruwa. Amma ga ɗanta ya tara jama'a ya ce wannan ba abin da yake ji. Kuma don Allah ku ji, tsohuwar nan ba ta yi gaban kanta ba. A gabana ta tambaye shi.

"Kai, in na yi mata gashi ta ciki, ba zai ɓata abin naku ba?"

Yana danna waya, ko kai bai ɗago ba, ya ce, "Zuba, Inna. Ko manja ne zuba. Na ce miki ba ya jin komai."

Shi ke nan, Inna ta samu lasisi. Safe da yamma sai ta dafa ganyenta, ta narka man kaɗanya a ciki, ta kaɗa garin da ta aika aka karɓo mata wurin mai ɗori, ta zaunar da takwara, ta ɗaga hannun sama, ta riƙa ɗurawa da ludayi ta bakin simintin tana addu'a. Ruwan ya fito ta ƙasa. Man da garin kuwa ban taɓa ganin sun fito ba. Ni ban yi karatun likita ba, amma na wanke kwanon da man kaɗanya ya kwana a ciki, na san yadda yake kama wuri in ya huce.

Da Malam ya zo ƙarshen mako na tsare shi a ɗaki na gaya masa hankalina bai kwanta ba. Ya sosa ƙeya ya ce, "To ai Yaya ya fi mu sanin abin, shi ya ji daga bakin likita. Kuma Inna ce fa. Me kike so in ce mata?" Malam ke nan. Mutumin da yake tsawa ɗaya aji guda ya yi tsit, a gaban yayansa sai ya koma ɗan aji ɗaya. Lahadi da yamma ya ɗauki jakarsa ya koma Panda.

Sai ƙaiƙayi ya fara. Yarinya ta riƙa zarar tsinke daga tsintsiyar Inna tana zurawa ciki tana susa, wani ya fito, wani ya karye a can. Daga nan ta daina ɗaga hannun tana nuna wa ƙawaye. Ta daina fita yashin. In Baffanta ya aiko kiranta majalisa sai ta ɓuya bayan randa, shi kuma ya ce ƙauyanci ne irin na uwarta. Sannan wari ya soma. Da farko sai ka matso kusa kake ji, daga baya in ta wuce ta gabanka sai ka juya.

Na daure na ce, "Inna, hannun nan fa yana wari, kuma jikinta da zafi."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke 'yar nan, ba ki da ta ido ne? 'Yar fari kike wa wannan rawar kai? Ƙashi ne yake haɗuwa, dole ta ji a jikinta. Ni da na raini ubanta ban san ciwo ba sai ke?"

Duk da haka maganar ta ɗan taɓa ta, don ta sa an kira mata Yaya a waya. Ina jin muryarsa tana fitowa: "Warin sinadarin ciki ne, Inna, alamar yana aiki ke nan. Kada ku bari kowa ya taɓa shi a Keffi, ba su san kansa ba." Sinadari! Ka ji fa. Mutum yana Mararaba yana shinshino hannun da ke Tudun Ƙofa. Matan maƙwabta kuma da labari ya kai musu sai suka samu abin tsokana. In na fito ɗiban ruwa sai wata ta ce, "Su Anti 'yan zamani, an ce har kuka kike wa 'yar fari." Na yi murmushin yaƙe na wuce.

Wata safiya na shiga share ɗakin Inna, ita tana tsakar gida tana dafa ganyenta. Yarinyar tana kwance a tabarma, ba ta je makaranta ba. Na sunkuya zan kai tsintsiya bayan gado, sai na ga layin kiyashi ya taso daga gindin bango, ya hau tabarma, ya bi ta kan yatsunta, yana shigewa cikin simintin. Yatsun sun kumbura sun yi sumul, na taɓa su na ji zafi rau. Ta buɗe ido da ƙyar ta dube ni.

"Anti, wani abu yana cin hannuna a ciki. Na gaya wa Inna ta ce in yi haƙuri."

Ban san lokacin da tsintsiya ta faɗi ba. Na fito tsakar gida, na kwance ƙaninta daga bayana na dire shi a cinyar Inna. Na koma ɗaki na ɗago yarinyar, na saɓa ta a baya, na ɗaure da zanin goyon. Rabon da bayana ya ji nauyinta tun kafin yaye.

Inna ta miƙe da ludayi a hannu. "Innalillahi! Ina za ki kai mini takwara? Ke, da izinin wa? Mijinki ya sani?"

Na durƙusa da goyon a bayana, don ko a wannan hali ba zan yi mata magana a tsaye ba. Na ce, "Inna, ki yafe mini. Ni na haife ta." Na tashi na fice.

Haka na ratsa lungunmu da hantsi, ƙatuwar yarinya a baya ƙafafunta suna dukan cinyata, mata suna leƙowa ta katanga. Na ji wata ta ce, "Lallai duniya ta zo ƙarshe." Ko waiwaye ban yi ba. Na tari mai keke napep a bakin titi na ce asibiti, wato wannan dai na garin namu da aka ce ba su san komai ba.

Nas ɗin da ta fara karɓar mu, wata mata 'yar Sabon Gari, tana matsowa ta ja da baya ta toshe hanci. Ba ta ko bar mu mun bi layi ba, ta ja mu wurin likita. Ya dubi yatsun, ya matsa farce ɗaya, ya ce a kawo inji. Wani ɗan zarto ne mai ƙara, ya tsaga simintin gefe da gefe, ya buɗe shi kamar ɓawon gyaɗa.

Jama'a, ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma ina roƙon Allah kada ya sake nuna mini. Man kaɗanya da garin magani sun haɗu sun zama baƙin taɓo, sun toshe shimfiɗar cikin gaba ɗaya. Ga guntayen tsinke, ga yashi, ga matattun kiyashi. Fatar ta yi fari fat ta jeme, tana saluɓewa. A saman wuyan hannu, inda wani tsinke ya soke ta ya karye, rami ne ya buɗe yana fitar da mugunya. Yarinyar ta kalli hannunta sau ɗaya ta cusa fuska a ƙirjina.

Likitan ya ajiye injin ya ce, "Hajiya, wa ya yi wannan aikin?"

Na gaya masa komai, har zoɓon. Ya kalle ni kamar bai yarda ba, sannan ya ɗaga ɓawon ya nuna mini. "Wannan siminti mai kyau ne, wanda ya sa shi ma ya iya aikinsa. An yi shi ne don yaro ya yi wanka ba wahala. Ruwa mai tsabta ya shiga ya fita, a ɗauraye sabulu, a bar shi ya tsane ya bushe, shi ke nan. Amma ba mai, ba gari, ba yashi, ba a zura komai a ciki. Kuma in an ji wari ko yatsu suka kumbura, a ranar ake komawa. Duk inda aka sa shi sai sun faɗi haka. Ba su gaya muku ba?"

Kafin in amsa sai na ji salati a bayana. Inna ce, ashe ta biyo ni a wani keken da jaririn a kafaɗa, ko mayafin kirki ba ta tsaya ɗauka ba. Ta ga hannun. Sai ta zauna daɓas a ƙasa.

Likitan bai sassauta don ya ga tsohuwa ba. Ya ce, "Da kun ƙara 'yan kwanaki, ciwon nan ya kai ƙashi. Da yanzu ba maganar fata muke ba, maganar hannun muke gaba ɗaya. Ko yanzun ma sai mun ga yadda magani zai karɓe ta."

Inna ta riƙa maimaita, "Na tambaya fa. Wallahi na tambaya." Ban ji haushinta ba ko kaɗan a wannan lokaci. Ta tambaya ɗin, a gabana.

Aka ba mu gado, aka ɗaura mata ƙarin ruwa, aka fara allurai. Hannun aka wanke shi, aka kwantar da shi a kan rabin siminti, irin farin nan namu na ƙauyawa, aka naɗe da bandeji yadda za a riƙa buɗewa ana wanke ciwon. Malam ya iso daga Panda da yamma, idonsa ya yi ja, ya tsaya a gefen gado ya kasa haɗa ido da ni. Ganin hannun kaɗai ya ishe shi.

Washegari da safe sai ga Alhajin Abuja. Tun daga baranda muke jin muryarsa. Ya shigo ɗakin marasa lafiya babbar riga tana jan ƙasa, ko sannu bai ce wa yarinyar ba. "Wa ya ba da izini a yanke simintin nan? Kun san daga ina ya zo? Kun san irin mutanen da ake sa wa?"

Aka yi sa'a likitan yana zagaye. Ya juyo a natse ya ce, "Kai ne ka kai ta? Madalla. Me suka ce maka a kiyaye?"

Yaya ya fara kame-kame. Wai ai sun yi bayani, wai ai bayanin na manya ne, wai shi ya san kan abin. Sai Inna ta ɗago kai daga inda take zaune. "Turanci suka yi ta yi maka, ni ban ji ba. Amma na ga likitar tana magana kana fita amsa waya, ta jira ka ka dawo, ka sake fita. Har da hannu ta riƙa yi maka nuni, kana ce mata yes, yes."

Har masu jinyar gadajen kusa suka juyo. Wani mai kunya da sai ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya ba ta lafiya. Shi kuwa sai ya hango ɓawon simintin a kwandon shara, ya nuna shi da makullin mota yana murmushin nasara. "To amma ku duba da kyau. Duk abin da aka zuba masa, ya jiƙe? Ya marmashe? Garau yake! Abin da na faɗa ƙarya ne?"

Tun da aka kawo ni gidansu ban taɓa ɗaga ido na yi wa mutumin nan magana ba, sai ranar. Na ce, "Gaskiya ka faɗa, Yaya. Siminti lafiyarsa ƙalau. Ga nas nan za ta buɗe hannun da ke cikinsa, matso ka gaishe shi."

Nas ɗin kuwa kamar jira take, ta warware bandejin. Ya kai ido sau ɗaya. Fuskarsa ta yamutse. Sai ya zaro waya ya manna a kunne yana "Hello, ranka ya daɗe, ina zuwa," ya yi waje da sauri. Wayar nan ko ƙyas ba ta yi ba, duk muna wurin. Har aka sallame mu bai sake takowa ba.

Allah ya taimake mu magani ya karɓe ta. Kumburin ya saɓe, ramin ya cike a hankali, ƙashin ma ya haɗu ko da yake ya ja lokaci. Ta daɗe tana kuka in za a wanke ciwon, ta daɗe kafin ta iya riƙe fensir da cokali. Ranar da muka koma gida, na nufi ɗakin Inna da ita kamar yadda aka saba, sai tsohuwar ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kai ta ɗakinki, 'yar nan. Ta kwana wurin uwarta har ta warke." Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma ni ya ishe ni. Allah ya ji ƙan Inna, har ta bar duniya ba ta sake kallon hannun nan ba tare da idonta ya kawo ruwa ba.

Shi kuwa gogan yana nan da ransa. Yanzu ya je Makkan da gaske, ya ƙara faɗi. Kuma ku san wani abu? Har yau in an zauna yana ba da labarin yadda ya ceci hannun 'yar ƙaninsa daga masu ɗorin gargajiya, ya kai ta Abuja aka sa mata simintin 'ya'yan ministoci. A nan labarin nasa yake ƙarewa kullum. Masu sauraro su ce Allah ya saka, ya shafa gemu ya ce ai zumunci ne.

'Yata ta girma, tana karatunta a nan garin, da hannun take rubutu. Amma tabon yana nan, daga wuyan hannu ya yi sama, fatar wurin ta tattare ta yi wani launi daban. Sallar da ta wuce mai lalle ta zo gida tana yi wa 'yan mata zane. Da ta zo kanta, ta kama hannun ta juya shi, ta rasa ta inda za ta bi da furen. Ta ce, "Ayya, ƙuna kika yi kina ƙarama?"

'Yata ta yi dariya ta ce, "A'a, gata aka yi mini."

Mai lalle ba ta gane ba, ta ci gaba da aikinta. Ni kuwa na tashi na shige ɗaki.

Abin da wannan al'amari ya koya mini ba shi da yawa, amma da fatar 'yata aka biya shi. Duk wanda ya kawo mini sabon abu yana lissafa abin da yake iya yi, sai in tsayar da shi in ce ya fara gaya mini abin da aka ce kada a yi, in ya kasa to bai san abin ba, komai girman rigarsa. Kuma yaro in ya ce yana jin ciwo, yana ji ne, don hannunsa ne a ciki ba na masu baki ba. Tun daga lokacin, ɗana ne ko na maƙwabta, na fari ne ko auta, in ya ce wayyo ba na duba fuskar kowa kafin in tashi.